Ubangida da yaronsa: Yadda ɗan dakon Abijan ya zama gwarzon fim na Afirka

Daga Talladje, Yamai

Duk wanda ya saba tasowa daga Talladje ya shiga taksi za shi kasuwar Wadata ko Babban Masallaci, ba zai rasa jin wani fasinja ya ce a ajiye shi CCOG ba. Sunan ya bi bakin mutane har ya zama kamar sunan tasha. Mata masu zuwa sari suna kwatance da shi, samari suna zuwa kallon wasa a cikinsa, amma idan ka tambayi mutum goma ma'anar haruffan nan biyu na ƙarshe, O da G, da wuya rabinsu su ba ka amsa. To sunan mutum ne, Umaru Ganda, wanda ake rubutawa Oumarou Ganda da Faransanci. Ɗan Yamai ne, tsohon soja, tsohon ɗan dako, kuma mutumin da ya fara ɗauko wa Nijar babbar kyautar fim ta nahiyar Afirka.

Abin da ya tuno mana da shi a wannan shafi shi ne wani fim mai suna Mr Burton da ya fito a Birtaniya a shekarar 2025. Labari ne na gaskiya a kan wani mushen lakwal da ya ɗauki ɗan talaka ya raine shi har ya zama ɗan wasan da duniya ta san da zamansa. Wanda ya ji labarin zai ce ai sai ƙasar Turawa. Alhali kuwa mu ma muna da irinsa a nan bakin kogin Kwara, kuma namu ya fi dacewa da ƴan kasuwa, domin mu ne muke da yaran shago, da ƴaƴan riƙo, da ƴan koyon sana'a a hannunmu.

Yaron da ya bar lakwal ya koma tsaron kanti

Bari mu fara da na Turawan. An haifi Richard Jenkins ranar 10 ga watan Nuwamba 1925 a wani ƙauye mai suna Pontrhydyfen, a yankin Wels na Birtaniya, inda mazaje suke cin abinci da haƙar gawayin ƙasa. Shi ne na 12 cikin ƴaƴa 13. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara biyu, mahaifinsa kuwa mashayi ne, saboda haka yayarsa Cecilia ta ɗauke shi ta riƙe a gidan mijinta a garin Port Talbot. Da abubuwa suka yi wa gidan tsanani sai aka cire shi daga lakwal aka sa shi tsaron wani kantin sayar da tufafi. Wannan kam ba baƙon labari ba ne a kunnen kowa a Babbar Kasuwa ko Katako.

Bayan ya samu ya koma lakwal ne ya faɗa hannun Philip Burton, malamin da yake koyar da adabi, yake kuma shirya wasan kwaikwayo a makarantar. Malamin ya ga abin da wasu ba su gani ba: yaron yana da murya, yana da ƙwaƙwalwa, kuma idan ya hau dandali ido ba ya barin kansa. Sai dai harshen gidansu shi ne harshen mutanen Wels, Turancinsa kuma na ƴan ƙauye ne, wanda manyan gidajen wasa na Landan ba za su saurara ba. Mushe Burton ya ɗauke shi ya kai shi gidan da yake haya, ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya kuma riƙa hawa da shi kan tsaunukan bayan gari yana sa shi maimaita baitocin Shakespeare cikin iska, har muryarsa ta koyi kai wa nesa ba tare da ihu ba.

A 1943 malamin ya so ya mayar da shi ɗansa a hukumance, amma dokar ƙasar ta ce sai wanda zai ɗauki yaro ya girme shi da shekara 21, shi kuwa saura kwana 20 ya cika. Saboda haka aka rubuta shi a matsayin mai kula da shi, yaron kuma ya ajiye sunan mahaifinsa ya ɗauki na malaminsa, ya zama Richard Burton. Da wannan suna ya je jami'ar Oxford na ƴan watanni, da shi ya yi fice a dandalin wasa a 1951, da shi ya shiga Hollywood ta Amurka. Sau bakwai ana sa sunansa cikin masu takarar kyautar Oscar, ko da yake bai taɓa ɗauka ba. Ya auri shahararriyar ƴar wasa Elizabeth Taylor sau biyu. Ya rasu a 1984 yana da shekara 58, bayan giya ta daɗe tana cin jikinsa, malaminsa kuma ya rayu har 1995.

Fim ɗin Mr Burton, wanda Marc Evans ya shirya, ya fito ne a shekarar da Richard zai cika shekara 100 da haihuwa. Toby Jones ne ya fito a malamin, Harry Lawtey ya fito a yaron. Akwai kuma wani abu a tarihin da ya kamata mai riƙon ɗan wani ya yi tunani a kai: lokacin da mahaifin Richard na jini ya rasu a 1957, ɗan bai je jana'izarsa ba.

Daga filin daga zuwa bakin teku

Shi kuwa namu, Umaru Ganda, an haife shi a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Ya yi lakwal ta firamare, sannan yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka tura shi yaƙin Indoshin, can ƙasar da ake kira Biyetnam a yau. Faransa ta sha kashi a wannan yaƙi a 1954. Umaru ya dawo gida ya nemi aiki bai samu ba, sai ya yi abin da dubban samarin Nijar suke yi tun wancan zamani har gobe: ya ɗaura ƙunshinsa ya tafi ci-rani bakin teku. A Abijan ya sauka, ya zauna a unguwar Treichville, yana dako a tashar jiragen ruwa, yau a samu gobe a rasa.

A can ya haɗu da Jean Rouch. Wannan Bafaranshe ba baƙon Nijar ba ne. Ya fara zuwa Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanya, ya shaƙu da mutanen kogi, musamman wani saurayi ɗan Sarkawa mai suna Damure Zika, daga baya ya bar aikin hanya ya koma binciken al'adu da ɗaukar fim. A lokacin da ya tarar da Umaru yana bincike ne a kan ƴan Nijar masu zuwa ci-rani Gana da Kwaddibuwa, kuma yana bukatar wanda ya san lungunan da suke kwana, ya san harshensu, ya iya rubutu. Ya ɗauki Umaru aikin tambayar mutane da rubuta amsoshinsu. A cikin wannan aiki ne ya lura yaron nasa yana da baki: idan ya fara ba da labarin yaƙi ko na wahalar dako, kowa sai ya tsaya.

Daga nan aka yi fim ɗin Moi, un noir, wato “Ni, baƙar fata”, wanda ya fito a 1958. Babu rubutaccen labari. Rouch ya bi Umaru da abokansa da kamara a kafaɗa, wurin neman aiki da safe, wurin cin abinci, wurin rawa, wurin wanka a teku. Kowane saurayi ya ɗauki laƙabin wani ɗan wasan da yake gani a silima. Na Umaru shi ne Edward G. Robinson, wani ɗan wasan Amurka. Kamarar wancan lokaci ba ta ɗaukar hoto da murya a tare, saboda haka bayan an gama ɗauka sai Rouch ya zaunar da Umaru gaban hotunan, ya sa masa na'urar ɗaukar magana, ya ce ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Abin da ya faɗa shi ne ran fim ɗin: ƙorafin ɗan dako a kan kuɗin da ba ya isa, mafarkinsa na zama zakaran dambe ya sayi mota, kewar gida, da kuma wurin da yake tafiya a bakin ruwa yana kwaikwayon yadda suke kwanciya suna harbi a Indoshin.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa a 1958, matasan masu shirya fim na Faris irin su Jean-Luc Godard suka yaba shi ƙwarai. A zamanin da fina-finan Turawa suke nuna ɗan Afirka yana ɗauke da kayan Bature a ka bakinsa a rufe, ga wani ɗan dako yana magana da kansa daga farko har ƙarshe.

Waƙa a bakin mai ita

Duk da haka sunan da aka rubuta a matsayin mai fim ɗin na Rouch ne, kuma shi ya zaɓi abin da za a bari da abin da za a yanke. Ba kowane ɗan Afirka ne ya gamsu da irin wannan aiki ba. Usman Sambene na Senegal, wanda ake yi wa laƙabi da uban fim ɗin Afirka, ya taɓa faɗa wa Rouch ido da ido a 1965 cewa masu bincike irinsa suna kallon ƴan Afirka ne kamar yadda ake kallon ƙwari. Shi ma Umaru daga baya ya nuna cewa akwai abubuwan da aka nuna game da shi a fim ɗin waɗanda ba haka yake ganin rayuwarsa ba.

A nan ne za a gane halin ubangida. Wani da ya ga yaronsa yana kawo masa riba sai ya ƙara ɗaure shi. Rouch kuwa ya ba Umaru shawara ya koma Yamai ya koyi aikin da kansa. Umaru ya dawo ya shiga ƙungiyar masu sha'awar silima ta cibiyar al'adun Faransa da Nijar, inda ya koyi riƙe kamara, ɗaukar murya da jagorantar ƴan wasa, yana yi wa wasu mataimaki. A wata gasar rubuta labarin fim da aka shirya ne ya gabatar da nasa, aka ba shi damar ɗauka.

Sunan fim ɗin Cabascabo, an kammala shi a 1968, da harshen Zabarmanci, tsawonsa kamar minti 45, kuma Umaru da kansa ne ya fito a jarumin. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da ƴan kuɗinsa a aljihu. Abokai suka yi masa caa, maroƙa suna wasa shi, mata suna yi masa fara'a, yana ta rabo. Ran da aljihu ya bushe kowa ya watse. Ya nemi aiki aka wulaƙanta shi, a ƙarshe ya ɗauki kayan aikinsa ya nufi gona. Duk ƴar kasuwar da ta taɓa ganin ɗan unguwa ya dawo daga Libiya ko Abijan da jaka cike, bayan wata uku kuma ya zo rumfarta neman bashin garin kwaki, ta san wannan labari. A 1969 aka nuna Cabascabo a babban bikin fina-finai na birnin Cannes a Faransa. Shekara 11 ke nan bayan wani ya ba da labarinsa, sai ga shi ya ba da shi da kansa, yadda yake so.

Daga nan ya juya kamararsa kan al'ummarsa. A 1970 ya yi Le Wazzou polygame, wanda sunansa ya samo asali daga kalmar wa'azi. Wani mai kuɗi ne ya dawo daga Makka da laƙabin Alhaji, ya sa ido kan wata yarinya da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, ya yi amfani da dukiyarsa iyayenta suka ba shi ita ta zama matarsa ta uku. Saurayin ya bar gari da baƙin ciki, kishi ya tashi a gidan, har ya kai ga zubar da jinin wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. A 1972, shekarar da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa ta Dokin Yennenga, wannan fim ne ya ɗauke ta. Duk waɗanda suka ci kyautar daga baya, daga Mali, Maroko, Najeriya ko Afirka ta Kudu, bayan ɗan Yamai suka biyo.

Ya ƙara da Saïtane a 1972, a kan wani malamin tsibbu da yake fakewa da allo yana yi wa mai kuɗi kawalcin matar aure, sannan L'Exilé a 1980, a kan nauyin alkawari da abin da yake biyo bayan wanda ya faɗi magana ya kasa cikawa. Ranar 1 ga watan Janairu 1981 Allah ya yi masa rasuwa, bai kai shekara 50 ba. Aka sa wa cibiyar al'adun nan ta kusa da Wadata sunansa, FESPACO kuma ta ƙirƙiro kyauta da sunansa wadda ake ba wanda fim ɗinsa na farko ya fi kyau, wato kyautar masu tasowa.

Hannu ya miƙa wa hannu

Ba Umaru kaɗai ya bi ta wannan hanya ba. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942, makanike ne da yake zane-zane yana haska su da fitila yana nuna wa mutanen garinsu. Rouch ya gan shi, ya jawo shi, ya taimaka aka tura shi Kanada ya ƙaro sani a wurin Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane mai motsi. Ya dawo ya zama cikin na farko a Afirka da suka yi irin wannan fim, daga baya ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015.

Su kuma waɗannan biyun suka buɗe wa mace ƙofa. Zalika Sule ta fara fitowa a fim ɗin Mustafa Alasan mai suna Le Retour d'un aventurier a 1966, sannan Umaru ya sa ta a Cabascabo da Le Wazzou polygame. Sau da yawa a muguwar mace take fitowa, kuma mutanen gari da yawa ba su bambance wasa da gaske ba, ta sha zagi da tsangwama a kan titi. Da harkar fim ta Nijar ta durƙushe a shekarun 1980 ta shiga ƙunci, har ta kai ga tafiya ƙasar waje neman abin kai wa baka. Wata ƴar Nijar, Rahmatu Keita, ita ta ɗauki labarinta a wani fim mai suna Al'lèèssi da ya fito a 2004, domin kada a manta da ita. Zalika ta rasu a 2021.

Shi kuwa Rouch, Nijar ce ta zama makwancinsa. Ranar 18 ga watan Fabrairu 2004 ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni yana da shekara 86, an binne shi a Yamai. Cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta ɗauki sunansa shekaru da dama, har zuwa 2024 da hukumomi suka sauya mata suna zuwa na Mustafa Alasan, bayan dangantaka ta yi tsami tsakanin Yamai da Faris. Yanzu ke nan manyan cibiyoyin al'adu biyu na birnin suna ɗauke da sunayen yara biyu da suka bi ta hannunsa.

Yaron da yake rumfarki

To, ƴan uwa ƴan kasuwa, iyayenmu mata masu rumfa da masu tebur, me ya haɗa mu da wannan dogon tarihi? Abin da ya haɗa mu shi ne babu wanda ya kai mu riƙon ƴaƴan mutane. A kasuwar Talladje da sauran kasuwannin Yamai, kusan kowace rumfa akwai yaron da aka kawo daga ƙauye, ko yarinyar ƴar uwa da take ɗaukar tire, ko ɗan koyo a shagon tela da gareji. Richard Burton mai tsaron kanti ne, Umaru Ganda ɗan dako ne. Ranar da aka gan su ba wanda zai ce za su zama wani abu.

Abu na farko da iyayen gidan nan biyu suka yi shi ne lura. Yarinyar da take yi miki lissafin canji a ka kafin ki gama danna waya, ko yaron da ya iya jawo mai saye da daɗin baki, ko wanda duk rediyon da ya lalace a layinku shi ake miƙa wa, kowannensu yana nuna miki baiwarsa ne. Idan baiwar ta karatu ce, ribar tallar yini ɗaya ba ta kai a hana shi zuwa lakwal ba.

Na biyu, sun koyar da ainihin sana'ar. Akwai ubangidan da yaro zai shekara bakwai a shagonsa, aikinsa shara da sayo abinci, bai taɓa sanin inda ake saro kaya ba, bai san farashin sari ba, don kada ya buɗe ido. Mushe Burton ya ba yaronsa duk abin da ya sani. Rouch ya tura nasa inda zai riƙe kamarar da hannunsa.

Na uku shi ne sallama, kuma a nan labaran biyu suka rabu. Ɗan Wels ya samu duniya amma ya ajiye sunan ubansa, ya yi nisa da shi. Ɗan Yamai ya riƙe sunansa da harshensa, ya saɓa wa ubangidansa a inda yake ganin bai yi daidai ba, kuma hakan bai hana ubangidan tura shi gaba ba. Addininmu ya yi umarni a kira ɗan riƙo da sunan mahaifinsa, al'adar kasuwa kuma ta san cewa yaron da ya yi wa mutum hidima shekara da shekaru yana da haƙƙin a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Manyan ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da yawa ta haka suka tashi, kuma har yau idan ana maganarsu sai an ambaci wanda ya sallame su.

Saboda haka Hajiya, Alhaji, idan yaron da kuka raina ya buɗe rumfarsa a layinku, ya yi ciniki ta hanyar da ta bambanta da taku, har wataƙila ya fi ku masu saye, kada zuciya ta ce muku butulci ne. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya ba mu ikon sauke amanar ƴaƴan mutane da take wuyanmu, ya ji ƙan magabatanmu, amin.